Tiren Alhamis na Kawu

Ranar Juma'a Kawu ya rasu, bayan ya dawo daga sallar asuba, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Duk wanda ya hawo benen nan na Garki don yi mana ta'aziyya sai ya ce, "Kai, ya yi sa'ar rana." Na ji wannan magana har kunnena ya gaji da ita.

Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikata sun zo cikin fararen shaddodi, turarensu ya cika falo, suka ce shi mutum ne da bai taɓa taɓa abin da ba nasa ba. Limamin unguwa ya ce sahun gaba ya yi rashi. Duk gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Da yamma sai motar 'yan'uwa ta iso daga Zariya, a gabansu Inna Babba, yayarsu Kawu da mahaifiyata, ita kaɗai ta rage a cikinsu yanzu. Ta yi kuka mai isarta a falo, sannan ta leƙa kicin. Ta ga wuƙaƙe a jere, ta ga ragowar dankalin turawa a kwando, ta ga babban tire wankakke an kife shi a gefen famfo. Sai ta dafa bango.

"Allah sarki ɗan'uwana," ta ce. "Dattijo da furfurarsa yana feraye dankali da hannunsa, kamar wanda ba shi da kowa a duniya."

Matan da ke bayanta suka yi ta girgiza kai suna cewa Allah ya kyauta. Ni kuwa raina ya ɓaci, har na fita baranda don kada bakina ya suɓuce. Abin da ya fi komai kyau a rayuwar mutumin nan shi suke jin tausayinsa a kai. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a binne Kawu a bar mana wani dattijo abin tausayi wanda ni ban taɓa saninsa ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Da aiki ya kawo ni Abuja na kama ɗaki a Mararaba, don nan ne ƙarfina ya kai. Duk wanda ya san hanyar nan da yamma ya san yadda motoci ke tsayawa cak, mutum ya tsufa a cikin bas. Sai Kawu ya ce, "'Yar ƙanwata, ranar Alhamis ki riƙa biyowa ta nan, ki ci abinci, kafin ki gama hanya ta saki." Ban da shi ba ni da wani nawa a garin nan. A ofis ana gaisawa, a unguwarmu ana gaisawa, amma idan na kwanta ciwo sai dai wayata ta sani.

Abincin ba shi da suna a bakinsa, "tire" kawai yake ce masa. Tun Laraba zai je kasuwar Garki ya tsuguna gaban mai dankali yana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, sai na Jos mai jar ƙasa a jiki. Nama kuwa sai ya tsaya a kan mahauci an niƙa a gabansa, wai shi ba ya cin abin da bai ga fuskarsa ba. Ranar Alhamis bayan azahar zai ɗaura zanin matarsa a kan jallabiya, ya feraye dankalin, ya yanka shi fala-fala, ya ɗan tafasa shi kada ya nuna sosai. Ya soya niƙaƙƙen naman da albasa da attaruhu da tattasai da tafarnuwa. Ya daka citta da masoro da kanumfari a wani ɗan ƙaramin turmi baƙi, wanda bakinsa ya tsage. Sannan ya shafe tire da man shanu, ya jera dankali, ya shimfiɗa nama, ya sake rufewa da dankali, ya kaɗa ƙwai da madara ya kwarara a kai. Obin ɗin da yake gasa tiren a ciki tsoho ne, na gas, murfinsa ba ya rufuwa sai an maƙale shi da lanƙwasasshen cokali. Idan na ce a sayi sabo sai ya ce, "Ni da shi sa'o'in juna ne, kowa ya san inda ke yi wa ɗan'uwansa ciwo."

Ba ya son a tsaya masa a ka idan yana aiki. Idan na miƙa hannu zan ƙara wuta sai ya buge hannun da ludayi. "Dankali ba ya son gaggawa. Wuta ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa surukai magana."

A wurin matarsa ya koya, wadda muke kira Anti. A Jos ta tashi, kuma duk Alhamis ita ke yi musu wannan gashi. Da ciwo ya ci ƙarfinta ta kasa tsayuwa, sai ta sa aka ajiye mata kujera a bakin kicin, tana zaune tana ba shi umarni. Mutumin da ma'aikata ke miƙewa tsaye idan ya shigo ofis, shi ake ce wa, "Malam, wannan yanka ne ko faskare?" Shi da kansa ya ba ni labarin yana dariya. Ya ce Alhamis ta farko bayan rasuwarta hannunsa ne ya kai shi kicin, bai yi shawara da kowa ba. Sai da ya fito da tiren ya ajiye a tebur sannan ya gane cewa awon cikakken tire kaɗai ta koya masa, bai iya na mutum ɗaya ba. Ya zauna yana kallonsa, ya kasa kai loma. Zafin obin ya cika gidan, sai ya buɗe ƙofa, ita kuma ƙofar nan tana da halin rufe kanta, ya jawo turmin da ke kusa da ƙafarsa ya tokare ta. Baba Soja, tsohon sojan da ke hawa na ƙasa, ya biyo ƙamshin ya hawo, ya tsaya ya ce, "Oga Darakta, wane ƙamshi ne wannan yake hana mutane tafiya?" Kawu ya ce ya shigo ya gani.

Daga nan aka fara. Kawu bai kai darakta ba, a mataimaki ya yi ritaya, Baba Soja ne ya ƙara masa girma kuma bai taɓa sauke shi ba. Bayansa sai Maman Tagwaye ta hawa na sama, 'yar Filato, Kirista, wadda 'ya'yanta suka girma suka watse, mijinta kuma ya riga ta tafiya. Sai tela mai shago a gindin bene, sai wasu 'yan mata biyu masu aikin jinya idan ba su da aikin dare. Duk Alhamis na iso zan tarar da ƙofa a buɗe, turmi a gindinta, takalma a zube. Ban taɓa jin Kawu ya gayyaci kowa da baki ba.

Doka ɗaya gare shi: tire ba ya fita a kwano. Mai so ya zo ya zauna. Yakan ce, "Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu." A kan wannan doka suka yi faɗa da Baba Soja. Wata Alhamis ana buga ƙwallo, Baba Soja ya hawo da kularsa ya ce a zuba masa zai ci a gaban talabijin ɗinsa. Kawu ya ce nan ba gidan sayar da abinci ba ne. Baba Soja ya ce ya ci abinci a daji da manyan da suka fi Kawu, ba wanda ya taɓa kafa masa sharaɗi. Kawu ya ce to ya koma dajin. Tsofaffi biyu, ɗaya da ludayi ɗaya da kula, suna ɗaga murya a bakin ƙofa, mu kuwa muna ciki muna cin dariya a ɓoye. Suka yi makonni ba sa ga maciji. A bene idan sun haɗu kowa sai ya kalli bango.

Ana nan sai ƙafar Baba Soja ta kumbura, ya kasa hawa ko da mataki ɗaya. Maman Tagwaye ta ce wa Kawu, "Baba, yau kam ka sa masa a kwano, ni zan kai." Kawu ya ce doka doka ce. Ya naɗe tiren da tawul ya ɗauka da zafinsa, ya ce kowa ya kwaso farantinsa. Muka sauka a jere kamar masu kai lefe. Sai da ya ajiye tiren a tsakar ɗakin Baba Soja sannan ya koma sama, ya dawo rungume da turmin nan, ya tokare ƙofar mutumin da shi, alhali ita wannan ƙofar ba ta rufe kanta. Na yi dariya na ce tsufa ya fara taɓa Kawu. Baba Soja ya ci ya ƙoshi, ya share baki ya ce, "Oga Darakta, yaji bai ji ba." Wannan shi ne sulhunsu.

Idan zai raba, tsakiya yake yanka wa mutane, ya bar gefe-gefe inda ƙwai da dankali suka kama jikin tire suka yi ƙanzo. Ba ya zuba wa kansa a faranti. Sai kowa ya samu, hira ta yi daɗi, sannan ya ɗora tiren a cinyarsa ya riƙa kankarar ƙanzon da cokali. Na taɓa ce masa wannan ai rowa ce, ya ɓoye wa kansa mai daɗin. Ya ce, "Antinki ce mai son ƙanzo. Kullum sai mun yi rigima a kansa, ita da cokali ni da cokali. Yanzu na ci gado, babu mai yi min gardama." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, ya ci gaba da kankara bai ɗago ba.

Inna Babba ba ta taɓa yarda da wannan rayuwa ba. Ta sha aiko masa da labarin zawarawa masu hankali, masu iya tuwo. Wata rana a gabana ta kira shi a waya tana faɗa, har ina jiyo muryarta, wai ya bar zubar musu da mutunci, namiji da shiga kicin. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Yaya, ni ba mai dafa mini na rasa ba. Mai ci tare da ni na rasa." Ta ce ai duk ɗaya ne. Ya ce Allah ya ƙara mata lafiya, ya gaida yara.

Ba zan ce Alhamis ta warkar masa da kewa ba. Mako kwana bakwai ne. Sauran ranakun daga shi sai rediyonsa da carbi, ɗansa tilo yana aiki a Fatakwal, sai waya. Rediyon ne ma ya tona rasuwarsa: Maman Tagwaye ta saba jin labaran safe ta tagarsa, ranar ta ji shiru har rana ta fito. Aka same shi a kujerarsa, hularsa a gwiwa. Jiya-jiya ya ci tare da mutane, amma shi kaɗai ya mutu. Karin maganarsa ba ta cika masa alkawari ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Bayan addu'ar uku aka yanke cewa sadakar bakwai a gida za a yi, wato Zariya. Mu mutanen Abuja haka muke, mutum ya shekara talatin a gari amma jakarsa a ɗaure, ko mutuwa ya yi sai an kai makokinsa inda ba a san irin shayin da yake sha ba. Na lissafa na ga bakwai ɗin ranar Alhamis za ta faɗo. Na durƙusa gaban Inna Babba na ce ta bar ni in tsaya in yi masa tirensa a nan, ya zama sadaka.

"Sadakar mamaci waina ce da gumba," ta ce. "Ke kuma so kike ki tona mana asiri har bayan ransa? Su waɗanda za ki ciyar ɗin su waye namu? Abinci suka gani na banza. Yanzu da babu shi, ki ga ko ƙeyar ɗayansu za ki gani."

Na tashi na ba ta wuri, ba a mayar wa babba magana a gidan makoki. Da za su shiga mota ɗan Kawu ya damƙa mini makulli a ɓoye. Ya ce, "Ki yi abin da kike so, ƙanwata. Wata mai zuwa zan sa haya a gidan."

Maganar Inna Babba ta kwana mini a rai har ranar. Idan na gasa ba wanda ya zo, to ita ce mai gaskiya: Kawu ba shi da kowa, shekarun nan duk yana sayen hira ne da dankali. Kuma idan shi ba shi da kowa a garin nan, ni ina nawa?

Na ɗauki hutu a ofis. Na je kasuwa na zaɓi dankali mai jar ƙasa, na tsaya a kan mahauci. Yankana bai yi daidai ba, wani kauri wani siriri, na san da Anti na nan da na ji maganar faskare. Na daka kayan ƙamshi, na wanke turmin tas na mayar da shi kan kantar kicin. Na maƙale murfin obin da cokalinsa, na rage wuta. Ƙofa kuwa tun ranar rasuwa a buɗe take saboda masu ta'aziyya, an tokare ta da kujerar roba, na bar ta yadda take. Kafin magariba saman tiren ya yi ja, ƙamshi ya cika gidan. Na yi salla, na shimfiɗa tabarma, na jera faranti, na zauna.

Na ji takun mutum a bene, ya rage sauri a daidai ƙofa, ya wuce. Na ji wani, shi ma ya wuce. Tururin tiren ya fara raguwa. Kujerar Kawu tana fuskantata, rediyonsa a gefe. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata akwai mutane a kusa da ni. Na yi kuka, kuma ba na Kawu kaɗai ba, har da na haushi. Na ce a raina ashe tsohuwar nan ta fi ni sanin duniya. Na tashi na kwashe farantan, na ɗauki ledar ɓawon dankali zan kai bola, in dawo in kulle gida in kama hanyar Mararaba.

A kwanar bene na same su. Maman Tagwaye tana zaune a kan mataki da ɗankwalinta na zuwa coci. Baba Soja ya jingina da bango cikin gogaggiyar riga, sandarsa a hannu. Tela yana tsugune, 'yan matan nan biyu suna tsaye a bayansa da kayan aikinsu. Suka dube ni, na dube su, leda a hannuna.

"Me kuke yi a nan?" na ce. Muryata ta fita da zafi fiye da yadda na so.

Maman Tagwaye ta miƙe tana kakkaɓe zani. Ita kowa "kai" take ce masa. "Sorry, 'yata. Mun ji ƙamshi tun la'asar. Amma kai ba ka sa turmi ba."

"Wane turmi? Ai ƙofa a buɗe take."

"Ƙofa na makoki ne," in ji Baba Soja. "Mun riga mun yi gaisuwa. Idan Oga Darakta bai sa turmi ba, ba a shiga, ko ƙamshi zai kashe mutum. Wataƙila yana da baƙi, wataƙila ba ya jin daɗi. Mun ce ko na family kika dafa. Ba za mu faɗa wa mai makoki kamar mayunwata ba."

"To me ya hana ku komawa ɗakunanku?"

Tela ya ce a hankali, "Hajiya, yau Alhamis ce. Ba mu san inda za mu je ba."

Duk zuwan da na yi gidan nan, a tokare nake samun ƙofar, ban taɓa zuwa na tarar babu turmi ba, balle in san magana yake yi. Na ajiye ledar a nan kan bene. Na koma kicin na sauko da shi daga kan kanta, na janye kujerar roba, na ajiye shi a gindin ƙofa. Sannan suka hawo, kowa ya cire takalminsa a inda ya saba, kowa ya zauna a wurinsa. Kujerar Kawu ba wanda ya kalle ta kai tsaye.

Na mayar da tiren obin ya ɗan yi ɗumi. Maman Tagwaye ta karɓi wuƙar daga hannuna ta raba. Tela ya ɗaga hannu ya yi addu'a: Allah ya jiƙan bawan nan nasa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da matarsa a inda ba a rabuwa, yadda ya ciyar da mu Allah ya ciyar da shi daga abincin Aljanna. Maman Tagwaye da 'yan matan suka sunkuyar da kai, amin ɗinsu ta fi tamu ƙarfi. Aka ci. Aka tuna faɗan kula, aka yi dariya har Baba Soja ya share ido da hannun riga. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya dube ni ya ce, "'Yar Oga, yaji ya yi yawa." Na ce na gode.

Na gaya musu gidan za a sa haya. Maman Tagwaye ta ce tana da obin a sama, ba ta taɓa kunna shi ba tun da yaran suka tafi. Ta ce in bar mata turmin idan na tashi kwashe kaya.

Bayan isha suka watse, kowa ya wanke farantinsa kamar yadda Kawu ya saba musu. Na raka su bakin ƙofa, na shigo da turmin, ƙofar ta rufe kanta. Da na juyo sai na ga tiren a tsakar tabarma. An cinye tsakiyarsa tas, har an goge man, amma gefe-gefen yana nan a zagaye, ja, a manne da ƙarfe. Baba Soja da ya ƙara har sau biyu ma bai kai cokalinsa wurin ba. An jingina wani cokali mai tsabta a bakin tiren, ban ga wanda ya ajiye ba.

Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na ɗora tiren a cinyata, na fara kankara. Babu mai yi min gardama.